Wutar Kangon Gwallameji

Duk wanda ya taɓa yin damina a Gwallameji ya san yadda gari yake wayewa idan an kwana ana ruwa. Lunguna sun yi taɓo, 'yan acaɓa suna kewaye kududdufai, a ƙofar gidajen haya kuma ga ɗalibai a tsugune gaban kurfoti suna fifita da kwali. Unguwar tana jingine da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, wadda aka kafa a 1979 a kan hanyar Dass, don haka da yawa daga masu haya a cikinta 'yan makaranta ne masu girkin tukunya ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya hau, gas da kananzir suka fi ƙarfin aljihun ɗalibi, aka tura risho ƙarƙashin gado aka koma wa gawayi. Shi kuwa gawayi, a watan Agusta, sanyi yake sha ko ruwa bai taɓa shi ba. Bauchi tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne yake ɗaukar kaso mafi tsoka.

Maganin da kowa ya sani shi ne leda. A dunƙule ta, a cinna mata ashana, a bar ta tana ɗiga a kan gawayi har ya kama. Baƙin hayaƙinta yana shiga ɗaki, yana shiga tukunya, yana shiga ƙirjin mai fifitawa. Ina ganin wannan kowace safiya, kuma yana damuna ƙwarai, domin yaran da suke shaƙarsa ba su san akwai wata hanya ba.

Can ƙarshen unguwa, inda gine-gine suke fara saki gonakin masara su karɓa, akwai wani kango da aka kai linta aka tsaya. Kusurwa ɗaya ce kawai aka ɗora mata kwano, nan wani dattijo maigadi da ake ce wa Baba yake kwana. Abin da ya ja hankalina shi ne, komai irin ruwan da aka yi, da an idar da sallar asuba wutarsa tana ci. Ba irin wutar nan mai tari da hayaƙi ba. Wuta ce garau, harshenta ja, hayaƙinta siriri. Ga kuma itacensa a zube a fili, ruwa yana dukansa dare da rana, ko buhu bai rufa masa ba. Ɗalibi mai busasshen ɗaki da ashana sabuwa yana fama rabin sa'a, tsoho mai jiƙaƙƙen itace ya riga ya dafa shayi. Ta yaya?

Tunanin farko da zai zo wa kowa shi ne kananzir, ko dai ledar nan ta kowa. Wannan bai daɗe ba ya faɗi. Kananzir ba ya ɓuya, warinsa yana daɗewa a wuri. Leda kuma tana barin shaida, wani baƙin abu mai tauri da yake manne wa duwatsun murhu, ba ya fita sai an kankare. Na bi ta wajen da hantsi ina dubawa. Duwatsunsa uku baƙin hayaƙi kawai ke jikinsu, tokarsa fara ce mai laushi. Abin da hancina ya kama ma wani ne dabam, wani ƙamshi mai sanyi da ya fi kusa da na ɗakin amarya fiye da na murhun maigadi. Na riƙe wannan a raina, ko da yake a lokacin ban san inda zan ajiye shi ba.

Sai na koma ga tsohuwar al'ada. A gidajenmu na da, wadda wutarta ta mutu takan aiki yaro da kasko ya ɗebo garwashi a maƙwabta. Akwai mai shayi a bakin hanya, ba nisa da kangon, wanda yake fitowa da duhu. Na ce shi ke nan, daga can Baba yake ɗebowa. Wata asuba na tsaya a wajen mai shayin ina jiran ruwa ya yi zafi, sai ga yaronsa ya taho daga wajen kangon, riƙe da murfin tukunya cike da garwashi, ya kare shi da tafin hannu. Ashe mai shayin ne yake ɗiba a wajen Baba.

Saura abu ɗaya, wato kwantar da wuta. Mata sun iya wannan. A binne babban bakin wuta ko kandilo a cikin toka, iska kaɗan tana shiga, ya kwana yana ci a hankali, da safe a tone a hura. Wannan bayani ya gamsar da ni, har zuwa daren da aka yi ruwa da iska daga gabas, irin wanda yake shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Da safe na tarar da wurin murhun Baba ya zama tafki, toka ta zama kunu. Ya kwashe duwatsunsa ya mai da su kan wani tudun yashi na masu gini, kuma wuta tana ci a kai. Babu garwashin da zai kwana a cikin wannan ruwa. Wutar nan sabuwa ce, ranar aka haife ta.

Na yi sallama, na gaishe shi, na tsaya daga tsaye.

"Zauna mana, Malam," ya ce, yana tura mini bulo da ƙafa. "Ko wuta ka zo ɗiba?"

"A'a, Baba. Tambaya na zo da ita. Itacen nan ya kwana cikin ruwa, yaya aka yi ya kama?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wa ya ce maka ya jiƙe?"

Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba, don ba a tatsar dattijo. Amma da na sunkuyar da kai sai na ga abin da ban lura da shi ba a da. Kewaye da murhun akwai 'yan sassaƙe farare, sirara, sun nannaɗe, wasu ba su kai kaurin farce ba. A gefe kuma ga wani gungume an fasa shi gida huɗu. Bayansa baƙi ne, ruwa yana naso. Na taɓa cikinsa, na ji shi a bushe ƙarau.

Nan ne bakin zaren. Itacen da ya riga ya bushe tun rani, ruwan dare ɗaya ko na kwanaki ba ya ratsa shi har zuciya. Ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa ne suke sha, sai kuma bakunansa biyu, domin itace ta tsawonsa yake jan ruwa, ta hanyoyin da yake sha lokacin da yake raye. Wanda ya daɗe a kwance cikin taɓo ne yake ruɓewa ya jiƙe gaba ɗaya. Shi ya sa, kamar yadda na gani daga baya, Baba ba ya tsintar ƙirare a ƙasa. Matattun rassan da suke maƙale a jikin bishiya yake karyowa, waɗanda iska take busarwa da an ɗauke ruwa. Yana gwada su da kunne. Wanda ya karye da ƙara ya shiga hannu, wanda ya lanƙwashe ya yi shiru a bar shi.

Dalilin da ya sa wannan bambanci yake da girma haka yana cikin halin ruwa. Ba itacen kansa ne yake ba da harshen wuta ba. Idan ya yi zafi ya kai wajen digiri 300, yakan saki wata iska mai kamawa, ita ce take ci. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin yana nan, wurin da yake ba zai wuce wannan zafi ba sai ya ƙafe. Ƙafewar nan tana da tsada. Zafin da ake bukata a mai da tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda aka kashe wajen tafasa shi fiye da sau 5. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ya bushe da kyau kuwa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Tsinken ashana ɗaya ba shi da ƙarfin biyan wannan bashi. Sai dai a ba shi abin da ya yi siriri har zafi zai ratsa shi nan take, kuma aikin sassaƙen nan ke nan. Ɗalibin da yake kara ashana a jikin dunƙulen gawayi mai sanyi ba rashin sa'a ke damunsa ba, ya tsallake matakala ne.

To amma sassaƙe kaɗai bai warware maganar ba. A lokacin marka iskar kanta jiƙe take, abu siriri kuma yadda yake saurin kamawa haka yake saurin cinyewa. Tafin hannu ɗaya na sassaƙe yana tashi ya mutu kafin ƙirare su ɗauki zafi. Dole akwai wani abu a tsakani, mai ci a hankali da zafi, wanda ba ya tsoron laima, wato mai yin aikin da ɗalibai suke nema a wajen leda. Sai na tuna da ƙamshin nan.

A gefen dutsen murhu na tsinci wani ɗan ɓarɓashi, ruwan zuma, rabinsa ya narke ya daskare. Tare da shi akwai guntun ɓawo mai laushi, fari-fari, siriri kamar takarda. Na nemi izini na ɗauka, Baba ya ɗaga kai. Na kai su wajen wani mai sayar da itatuwan magani a Kasuwar Wunti. Ya murza ɓawon, ya sunsuna, bai ko yi jinkiri ba ya ce hano ne, wanda wasu suke kira ararrabi. Ɓarɓashin kuma ya lasa masa wuta, ya narke yana ci da ƙamshi, ya ce ƙaron maje ne, wanda mata suke haɗawa a turaren wuta.

Ya kuma nuna mini wani abu da ya kamata duk mai son gwadawa ya sani. Ba kowane ƙaro ne yake wannan aiki ba. Ya jefa ƙaron dakwara, wanda malamai suke sa wa tawada, a kofin ruwa, ya jefa na maje a wani. Kafin mu gama hira na dakwara ya fara laushi yana narkewa, na maje yana nan yadda yake. Na farkon danginsa sukari ne, ruwa yake so, wuta kuma ba ta cinsa da kyau. Na biyun danginsa mai ne, ruwa yana zamewa a kansa. Ko ya kwana a kududdufi, a goge shi da gefen riga, zai kama.

Hano bishiyar duwatsu ce, kuma Bauchi ƙasar duwatsu ce. Duk wanda ya bi hanyar Dass ya ga irin tsaunukan da take so. Ɓawonta na waje yana sallubewa da kansa, jikinta kuma yana fitar da ƙaro mai ƙamshi. Masana tsirrai suna kiranta Boswellia dalzielii, don tunawa da John Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916. 'Yar'uwa ce ga bishiyar da take ba da lubban a Oman da Yemen da Somaliya, wanda fatake suka yi dubban shekaru suna safararsa. Abin da sarakunan zamanin da can suka saya da tsada don ƙamshi, ɗan'uwansa ne Baba yake tada wutar shayi da shi, kuma yana kan dutsen da ke bayan gari. Ina ganin abin takaici ne a ce yaro yana karanta kimiyya a unguwar nan, yana ƙona leda a ƙofar ɗakinsa, babu wanda ya taɓa nuna masa wannan bishiya.

Yanzu na san abin da ke ci da abin da ke riƙe wutar. Abin da ya rage shi ne mafarinta. A daren ruwa da iskar nan, komai na ɗakin Baba ya jiƙe, har tabarmarsa na gani a shanye. Ashana kuwa ba ta jure laima. Kanta yana shan ruwa ya marmashe, gefen kwalin da ake ƙyastawa ya yi laushi ya saɓule. Ban kuma taɓa ganinsa da laita ba. Na koma na faɗa masa abin da na gano, na hano da na maje da na zuciyar itace. Ya saurara har na gama.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana," ya ce. "Gobe ka zo kafin kiran sallah, ka ga sauran."

Na isa ana yayyafi. Ya sa hannu a cikin rigarsa ya ciro wata 'yar jakar fata da take rataye a wuyansa. Abu uku ne a ciki. Wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake zura yatsu a ciki, guntun farin dutse mai kaifin baki, da ƙahon akuya da aka toshe bakinsa da itace. Ƙarfen nan shi ne ƙyastu. Ya ce wani maƙeri ne ya ƙera masa daga tsohon magagari, don ba kowane ƙarfe ne yake ba da wuta ba, sai mai tauri. Akwai abin mamaki a nan. Mutane suna zaton dutsen ne yake fitar da tartsatsi, alhali dutsen yankan ƙarfen yake yi. Kaifinsa yana fizgo ɗan ƙanƙanin ƙarfe, zafin bugun ya sa shi ya kama da wuta a cikin iska. Tartsatsin da ake gani ƙarfe ne yake ci.

Ya zare toshiyar ƙahon. Cike yake da audugar rimi, an danna ta da kyau, samanta baƙi ƙirin don an taɓa ƙona shi an kashe. Wannan zaɓi ba na banza ba ne. Kowane silin audugar rimi rami ne da shi a ciki, cike da iska, bayansa kuma da wani santsi mai kama da kakin zuma wanda ba ya barin ruwa ya shiga. Saboda haka ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka riƙa cusa ta a rigunan da suke hana sojojin ruwa nutsewa. Audugar gona tana shan laima ta dunƙule, ta rimi ba ta yi. Baƙin da ke samanta kuwa gawayi ne mai laushi, wanda ƙwayar tartsatsi ɗaya ta isa ta kama shi, abin da farar audugar ba kasafai take yi ba.

Kafin ya buga, sai da ya shirya komai. Ya jera fasassun itace biyu a kan yashi, busasshen cikinsu yana sama, ya gitta wasu a kai, don kada wutar ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma iska ta samu hanya ta ƙarƙashi. Ya ɗauki wuƙa ya sassaƙi zuciyar itace har ya cika tafi biyu. Ya murza ɓawon hano ya yi masa gurbi a tsakiya, ya marmasa ƙaron maje a kai. Ƙirare ya kasa su gida-gida a gefensa, daga masu kaurin tsinken tsintsiya zuwa masu kaurin yatsa. Sannan ya juya wa iska baya, ya sunkuya har jikinsa ya zama rumfa.

Ya riƙe dutsen a bakin ƙahon, ya sauke masa ƙarfen. Tartsatsi suka watsu suka mutu. Ya sake. Can sai wani jan ɗigo ya tsaya a kan baƙar audugar, ya fara faɗaɗa. Bai yi gaggawa ba. Ya tsinko wurin da ya kama da bakin wuƙa, ya sa a gurbin hano, ya mai da toshiyar ƙahon don sauran ta mutu ta bar masa sabon baƙi na gobe. Ya tallafo gurbin da hannu biyu ya hura, doguwar hurawa mai sanyi, ba irin ta mai fushi ba. Hayaƙi ya yi kauri, ya yi fari, sai harshen wuta ya ɓullo. Ƙaron ya narke ya bi jikin sassaƙen yana tafarfasa, ɗigon yayyafi yana faɗa masa yana cewa cas, bai mutu ba. Ya ɗora ƙirare mafi siriri, ya jira suka kama, ya ɗora na gaba. Manyan itacen da suka jiƙe kuwa ya jingina su kewaye da murhun suna fitar da tururi, kafin a zo kansu sun bushe. Lokacin da ladan ya ɗaga murya, butar alwalarsa tana gefen wuta tana ɗumi.

Jakar nan ta wuyan Baba tana da tsofaffin dangi a duniya. A 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. A cikin 'yar jakar da ke ɗamararsa an sami wani busasshen naman gwari mai kama tartsatsi, an kuma sami mazubi na ɓawon bishiya da burbushin gawayi a naɗe cikin ganye, alamar yana tafe da garwashinsa. Ashana irin wadda ake ƙyastawa kuwa sai a 1826 wani mai haɗa magunguna a Ingila, John Walker, ya gano ta. Duk tsawon zamanin da ke gabanin haka, makiyayi da maharbi da falke, a ƙasar sanyi ko a dajin Bauchi, da irin wannan ilimi suka kwana.

Baba ya ce a wajen kiwo ya koya, yana yaro, lokacin da dare yakan same su da shanu nesa da ruga ana ruwa. Na tambaye shi, idan babu rimi fa? Ya ce audugar gurjiya tana yi, ta tumfafiya ma tana yi idan an tara da yawa. Idan babu maje, ƙaron hano kansa ya isa, ko na dashi. Sai ya ɗaga yatsa ya yi mini kashedi a kan hano. Ɓawon da ya ɗago da kansa kawai ake cira, ba a sa wuƙa a kewaye gindin, don masu neman magani sun riga sun kashe da yawa ta haka a duwatsun da ke kusa da gari.

"To Baba, yanzu a ina zan sami audugar rimi?"

"Yanzu? Sai dai ka farke tsohon matashin kai," ya ce. "Rimi da rani yake fashewa, bayan sanyi ya wuce. Akwai wani babba a hanyar ƙauyenmu. Idan Allah ya kai mu, ka zo da ƙahonka, amma ka fara kai magagari wajen maƙeri tun yanzu."